Malama, Rage Kayan, Ki Bar wa Yara Allon

Wasiƙar wannan makon daga wata malamar nazare ta fito. Na ɗan taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Anti. Bana na fara koyarwa, an ba ni ajin 'yan shekara uku zuwa huɗu, su goma sha shida. Inda muke sanyi ya kankama, dusar ƙanƙara ta rufe filin wasa, yawancin ranaku a cikin aji muke wuni. Shugabar makaranta ta ce darasin wannan watan a kan lokacin sanyi ne, ta ba ni allon ƙyalle ta ce in haɗa da waƙoƙi. Na hana idona barci ina yanke-yanke: bishiyoyi, gidaje, dabbobi, riguna, har maɓallai na manna musu don su yi kyau. Amma da zarar na fara sai yara su yi caa a kan allon, wannan ya fizge, wancan ya fashe da kuka, kayan su yi ta zubowa ƙasa. Jiya sai da na ciro maɓalli daga bakin wata yarinya. Ga shi ba ni da muryar waƙa, kunya nake ji. Akwai kuma wani yaro da ba ya cewa uffan, ko kallon allon ba ya yi. Ina tunanin in jingine allon in riƙa kunna musu bidiyo kawai. Me kika gani?"

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Kada ki jingine allon tukuna.

Bari in fara da maɓallin, don shi kaɗai ne ba zai jira gobe ba. Yau ɗin nan ki zauna ki ɓamɓare duk wani maɓalli, ɗan dutsen ado ko idon roba da kika manna. Gam ba ya riƙe su a jikin ƙyallen fel, kuma yatsun yaro sun fi ki haƙurin tsinka. A Amurka hukumar da ke sa ido kan kayan da ake sayar wa jama'a tana da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin inci 1.25, kimanin santimita 3.2, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a sa shi a kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku ba, saboda gudun shaƙewa. Naki sun kai uku, amma kin gani da idonki cewa baki bai daina karɓar kaya ba. Ɗauki kwalin da ke tsakiyar takardar bayi ki yi gwaji da shi: abin da ya ratsa ta cikinsa ya yi ƙanƙanta. Ido da baki da maɓallin riga kuwa, zana su da alƙalami mai kauri, ko ki ɗinke da zare.

Cire su zai rage miki matsalar zubowar kaya ma, domin nauyi na cikin abin da ke jawo su ƙasa. Shi fel ba saƙa shi ake yi ba, danne zaren ulu ko na roba ake yi har ya cure, shi ya sa fuskarsa take da ɗan gashi-gashi. Wannan gashin ne yake sarƙewa da na jikin allon, kuma riƙon ba shi da wani ƙarfi. In allon yana tsaye cak a jikin bango, ko iskar wucewar yaro ta isa ta kayar da bishiyarki. Ki sauko da shi, ki jingina shi ya ɗan kwanta ta baya, daidai tsayin idon yaron da ke zaune. In kin ɗora abu ki shafa shi da tafin hannu sau ɗaya. Hoton da kika yanko daga takarda, manna masa guntun samfefa ko guntun fel a baya, zai kama. Kuma tunda darasin sanyi ne, fari zai yi yawa, don haka ki rufe allon da shuɗi mai duhu ko baƙi domin dusar ta fito raɗau.

Yanzu ga ainihin abin da nake son ki ji. Kin yanka kaya sun yi yawa, kuma ke kaɗai ke riƙe da su. Ki dubi abin ta idon ɗan shekara uku: ga tulin abubuwa masu launi a cinyar Malama, an ce ya zauna ya naɗe hannu yana kallo. Kamar a watsa tsaba a gaban kaji ne a ce kada su tsattsaga. Yaran nan ba rashin kunya suke miki ba. Allon ƙyalle abin taɓawa ne, sun fahimci haka tun kafin ki gama sallama, kuma muddin ba su san yaushe nasu zai zo ba, kowa zai yi ta kansa. Saboda haka gyaran biyu ne. Kayan waƙa ɗaya kada su wuce biyar ko shida a kan allo, sauran su zauna a ambulan inda ido ba ya kaiwa. Sannan kafin ki buɗe baki, kowane yaro ya kasance yana da abu a hannunsa, ya kuma san abin da zai kira shi ya taso.

Wasan da ya fi saurin koya musu wannan shi ne na safar hannu. Ki yanka safar hannu takwas-takwas sau biyu, ko dai adadin da zai ishi ajin, kowace da 'yar'uwarta: masu ɗigo-ɗigo, masu zane a tsaye, masu tauraro, ja, shuɗi, rawaya. Ki miƙa wa kowane yaro ɗaya tun yana zama. Sai ki ce, "Wa ke da mai ɗigo-ɗigo?" Yara biyu za su duba hannunsu su taso, su manna su gefe da gefe, su koma. Sauran suna zaune suna kallon tasu, suna jira, domin sun ga cewa ba ƙarfi ne ke kai mutum gaban allo ba, abin da ke hannunsa ne. Ranar farko za a ɗan yi hayaniya. Zuwa ta uku za ki ji wani yana gaya wa maƙwabcinsa, "Ba kai ba ne, taka mai tauraro ce." Ki lura kada bambancin ya tsaya a launi kaɗai, musamman ja da kore, domin a cikin yara maza akan sami wanda idonsa ba ya rarrabe su sosai, shi kuwa bai san haka ba balle ya faɗa miki. In akwai zane a jiki, ba zai ji kunya a gaban 'yan'uwansa ba.

Maganar murya kuwa, Malama, ki kwantar da hankalinki. Babu alƙali a ajin nan. Abin da yaro ke bi a waƙa shi ne kari da maimaici da wurin da zai sa baki. In rerawa na ba ki kunya, ki faɗi baitin da kari kina tafi, ya wadatar. Abu biyu kawai za ki kiyaye: ki ja a hankali fiye da yadda kike zato, kuma ki ɗan ɗaga muryar sama, don muryar yara siririya ce, in kin yi ƙasa sosai ba sa iya bin ki. Sannan kowace waƙa ki ba ta amshi. Amshi shi ne rabon yara, kuma bakin da ke jiran amshi ba ya samun sararin faɗa. Haɗa waƙa da motsin hannu a ajin ƙanana tsohon abu ne: Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan makaranta suna kindagatin a 1840, da waƙoƙi da wasan yatsu ya gina tsarinsa.

Ga wadda za ki fara da ita. Ki yanka 'yan ƙanƙara biyar, wato mutum-mutumin da ake curawa da dusar ƙanƙara, kowane da hularsa mai launi dabam, sai rana guda ɗaya babba, sai kuma ɗan tabkin ruwa shuɗi guda biyar.

'Yan ƙanƙara biyar suna tsaye a waje,
Rana ta leƙo ta ce, wa zan taɓa?
Ta taɓa mai jar hula, ya narke sharaf!
Saura nawa, yara?
(Amshi) Saura huɗu!

Yaro ɗaya ne mai riƙe da rana, shi zai kai ta kan wanda aka ambata. Wani ya cire ɗan ƙanƙarar, wani ya manna ruwa a gurbinsa, ya ɗora hular a kan ruwan. Kin ga baiti ɗaya ya ba yara uku aiki, baiti biyar ya kusa zagaye ajin. A kan "sharaf" kowa ya sulale ƙasa, wannan shi ne wurin da suka fi so, za su yi ta roƙon a sake.

A nan ki ɗan tsaya, don akwai abin da malamai da yawa ke tsallakewa. In kin ce "saura nawa," kada ki karɓi amsar da aka haddace. Ki kira yaro ya taɓa waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Yaro na iya rera ɗaya zuwa goma tiryan-tiryan alhali bai san ƙirga ba. Masu nazarin tunanin yara, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, sun fayyace a 1978 cewa ƙirga na gaskiya yana da sharuɗɗa, daga ciki: kowane abu ya sami lamba ɗaya tak, lambobin su zo a jere ɗaya kullum, kuma yaro ya gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce adadin duka. Wannan na ƙarshen ne ke ba 'yan shekara uku wuya. Za ki ga yarinya ta taɓa ta ce "ɗaya, biyu, uku," ki ce "to nawa ke nan?" sai ta sake farawa daga ɗaya. Ba laifi, lokacinta ne bai yi ba. Ki ce, "Uku. Su uku ne," kina zagaye su da yatsa, ku wuce. Ga ƙananan cikinsu ma ki fara da 'yan ƙanƙara uku, biyar ta yi musu nisa.

In kina son waƙar ta wuce allo, ki kawo ƙanƙara a kwano ki ajiye gefe da safe. Su taɓa, su ji sanyinta, su dawo bayan an ci abinci su tarar da ruwa. Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salsiyos, in ɗumi ya haura haka ya koma yadda yake. Ba sai kin faɗa musu lamba ba. Wani zai tambaye ki ina ƙanƙarar ta tafi, ki mayar masa da tambayar ki ji abin da zai ce.

Waƙa ta biyu ta shirin fita ce, kuma ita za ki fi cin moriyarta, don kin san yadda sa wa yara goma sha shida kayan sanyi yake cinye rabin lokacin wasa. Ki yanka yaro ɗaya babba, tsayin kamu biyu, da kayansa.

Sanyi ya zo, sanyi ya zo,
(Amshi) Me za mu sa?
Safa a ƙafa, sannan takalmi,
(Amshi) Mun sa, mun sa!
Rigar sanyi, a ja ta sama,
(Amshi) Mun sa, mun sa!
Hula a kai, kunne ya ɓuya,
(Amshi) Mun sa, mun sa!
Safar hannu ita ce ƙarshe,
(Amshi) Mun sa, mu fita!

Jerin da gangan ne. Yaron da ya fara da safar hannu ba zai iya jan zif ko ɗaura takalmi ba, sai ya tsaya yana kuka a bakin ƙofa. In sun haddace waƙar a allo, ki rera ta a wurin rataye riguna, za ki ga hannu na bin baki. Bayan kwana biyu kuma ki yi kuskure da gangan: ɗora wa yaron allon safa a ka, ki ci gaba da waƙa fuskarki a ɗaure kamar ba abin da ya faru. Ajin zai kaure da "A'a Malama! Ba nan ba!" Ki ce, "To ina?" Wanda bai taɓa haɗa jimla a gabanki ba zai yi miki bayani dalla-dalla, don babu abin da ke buɗe bakin yaro kamar gyara wa babba.

Kada ki canza waƙa kullum. Na san abin da ke sa sabuwar malama yin haka: tsoron kada a ce ba ta da abin koyarwa. Amma ke ce kike gajiya da maimaici, su ba sa gajiya. Waƙa ɗaya ta yi mako guda. Litinin ke ce mai yi suna kallo, Talata su karɓi amshi, Laraba su riƙe kayan, zuwa ƙarshen mako ki koma gefe ki bar ɗaya daga cikinsu ya zama malam. Zaman allo kuma kada ya wuce minti goma. In kin ga ƙafafu sun fara shure-shure, ki rufe tun ana marmari.

Shure-shuren nan ma yana da dalili, kuma shi ne ya sa ban goyi bayan bidiyon ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce 'yan shekara uku zuwa huɗu suna bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, 60 daga ciki mai sa haki, kuma zaman kallon allon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Yawancinsu sun cinye wannan awar a gida kafin su zo ko bayan sun koma. Yaran da sanyi ya kulle a ɗaki jikinsu na neman gudu ne, in kin ƙara musu zama sai abin ya fito ta hanyar cizo da ture-ture. Duk ranar da yanayi ya yi sauƙi, a sa kaya a fita ko na ɗan lokaci ne. Ranar da ba hali, ki ture kujeru gefe kafin zaman allo, ku yi wannan:

Dusa na sauka sannu-sannu,
Iska ta taso, fuu, fuu!
Ta kai mu dama, ta kai mu hagu,
Ta juya mu, ta juya mu,
Mun sauka ƙasa, mun yi tsit.

Hannu a sama yatsu na rawa, sai gudu a zagaye, sai juyi, sai kowa ya zauna inda yake. Ki yi ta sau uku, kowane zagaye ya fi na baya sanyin murya, na ƙarshe da raɗa. Nan take ki jawo ambulan. Yaron da ya gama haki ya fi kowa iya zama.

Ƙwayar dusar da za ki yanka musu kuwa, ki yi mata hannu shida. Ƙananan ƙwayoyin ruwa in za su daskare a tsari mai kusurwa shida suke jeruwa, shi ya sa dusa take fitowa haka. Wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya ɗauki hoton ƙwayar dusa ta madubin ƙara girma a 1885, ya ci gaba har ya tara sama da 5,000 kafin rasuwarsa a 1931, kuma hotunansa suna nan a intanet in kina neman samfuri. In kin ninka takarda gida huɗu kika yanka, mai hannu huɗu ko takwas za ki samu, ta yi kyau amma ba haka take saukowa ba. Wani zai ce wa ya damu, yara ne. Ni dai ina ganin tunda wahalar yankan ɗaya ce, gara a ba su daidai.

Haka batun dabbobi. Kusan duk allon sanyi da za ki gani an jera farin beyar da tsuntsun fengwin a kan ƙanƙara ɗaya, alhali a daji ba sa haɗuwa: shi beyar ɗin a can ƙarshen arewacin duniya yake, fengwin kuwa a kudanci. Ki raba musu rana. Kuma abin da ya fi jan hankalin 'yan shekara huɗu shi ne yadda kowace dabba ke yi da sanyi. Bushiya a ƙasashen sanyi takan shige cikin tarin ganye ta yi dogon barci har bazara. Tsuntsaye da yawa sukan yi ƙaura zuwa inda ke da ɗumi. Yanyawar yankin ƙanƙara kuwa gashinta ne ke rikiɗa, ruwan ƙasa ko toka-toka da rani, fari fat da sanyi. Wannan ta ƙarshen allo ya fi baki iya bayaninta: shimfiɗa farin fel, ɗora mai ruwan ƙasa, kowa ya gan ta. Cire ta ki ɗora farar, ki ce su nemo. Sai ki tambaye su me ya sa take son kada a gan ta. Don bushiya kuma, yanka tarin ganye uku, ɓoye ta a bayan ɗaya suna rufe da ido, su yi ta canka: "Bushiya, bushiya, kina nan?" Wasa ne da ba ya tsufa, kuma ba ya bukatar komai sai abu huɗu.

Sauran kayan da kika kwana kina yankawa ba su yi asara ba. Ki samo murfin kwali biyu ko uku, ki manna fel a cikinsu, ki zuba kayan a ƙaramin kwando a kusurwar aji inda hannunsu ke kaiwa. A lokacin wasan ganin dama za su je su gina nasu labarin, kuma za ki ji waƙarki tana fitowa daga can da kalmomin da ba ke kika sa ba. Na zaman aji kuwa, kowace waƙa da ambulan ɗinta, a rubuta baitocin a bayansa, don ranar da ba ki zo ba wadda ta karɓi ajin ta iya ci gaba. Da yake lokacin mura ne kuma kayan suna yawo hannu zuwa hannu, a wanke hannu kafin a zauna, wanda ya shiga baki a ware shi a wanke da ruwan sabulu mai ɗumi, a shanya a kwance.

Saura yaron da ba ya magana. Kada ki kira sunansa a tsakiyar jama'a ki ce ya rera, hakan ƙara rufe shi zai yi. Ki zaunar da shi kusa da ke, inda yake ganin bakinki, ki ba shi aikin da ba ya bukatar magana: shi ne mai rana, ko mai riƙe ambulan yana miƙo miki. In ya je kusurwar ƙananan alluna shi kaɗai, ki zauna gefensa ki ɗauki naki ki yi ta mannawa, kina ambaton abin da ya ɗauka ba tare da kin tambaye shi komai ba. Wasu yaran makonni suke yi suna sauraro kafin su buɗe baki, musamman in harshen gida dabam ne da na aji. Amma kin ce ko kallon allon ba ya yi, wannan ya sa nake son ki ƙara lura. Ki kira shi ta baya da muryar da kika saba, ki ga ko zai juyo. Ki tambayi iyayensa, cikin ladabi kuma ba a gaban sauran iyaye ba, ko yana hira a gida, ko yana yawan cewa a ƙara sautin talabijin, ko ya yi ta fama da mura kwanan nan. Ƙananan yara sukan tara ruwa a bayan dodon kunne bayan mura, abin ya fi yawa a lokacin sanyi, ba ya cika yin zafi, sai dai ji ya dushe kamar an toshe kunnen da auduga. Sau da yawa yakan washe da kansa cikin 'yan watanni, amma likita ne zai duba ya faɗa. Ki rubuta abin da kika gani da ranakun da kika gan shi, ki nuna wa shugabar makaranta tukuna, sannan ku zauna da iyayen tare ku ba su shawarar a gwada jinsa.